Gurjiya Mai Jan Fure: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Ita da Sunanta na Kimiyya

Idan aka ce "gurjiya" a kasuwar Kano ko ta Zariya a yau, abin da zai faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne ƙwayar nan mai tauri da ake dafawa da gishiri, yara na tallanta a faranti lokacin kaka, wadda wasu ke kira kwaruru. Amma akwai wata gurjiyar da ba a tono ta daga ƙasa, sai dai a ɗaga kai a kalle ta. Bishiya ce ta daji, 'yar asalin yankinmu, mai ƙaya a jiki. Da zarar damina ta ɗauke sai ta kaɗe ganyenta kaf, sannan a tsakiyar hunturu, lokacin da daji ya bushe ya yi fari da ƙura, ta fito da manyan jajayen furanni a kan rassan da ba su da ko ganye ɗaya. A ƙasar Sakkwato an fi saninta da kurya. Masana tsirrai na duniya kuwa suna kiranta Bombax costatum.

Tana fitowa a dazuzzukan da ke tsakanin hamada da kurmi, tun daga Senegal da Gambiya, ta Mali da Burkina Faso da arewacin Gana da Togo da Benin, zuwa Nijeriya da Kamaru da kudancin Chadi, har Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A Nijar sai an gangara kudu maso yamma, wajen Gaya da gandun dajin W, inda ruwan sama ya fi yawa. A Nijeriya ana ganinta a dazuzzukan arewa da na tsakiyar ƙasar, kuma sunanta ya zauna har a taswira, domin akwai garin Gurjiya a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu ta jihar Kano. Ba ta da zaɓen ƙasa. Gefen dutse, tsakuwa, marmara, wuraren da manomi ke wucewa bai ko waiwaya ba, nan take kafa gindi ta zauna.

Gane ta ba wuya ga wanda aka taɓa nuna masa. Gangar jikinta miƙaƙƙiya ce, ɓawonta mai kauri ne, toka-toka zuwa ruwan ƙasa, ya tsattsage, ga kuma ƙayoyi gajeru masu faɗin gindi da tsinin kai, musamman a jikin ƙaramar bishiya da kan rassa. Idan ta tsufa ƙayar gindin kan ragu. Kaurin ɓawon nan shi ne garkuwarta, shi ya sa gobarar daji kan bi ta kanta ta wuce ba ta kashe ta ba. Saiwarta kuma tana ajiyar ruwa, abin da ke ba ta damar yin fure a lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas. Inda ruwa bai wadata ba ba ta cika wuce matsakaicin tsayi ba, amma a ƙasa mai danshi takan haura mita 20. Ganyenta mai yatsu ne, biyar zuwa bakwai a kan sanda guda, irin tsarin ganyen kuka da na rimi.

Furen shi ne abin kallo. Yana fitowa daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, gwargwadon wuri da yadda daminar bara ta kasance. Kowane fure yana da kunnuwa biyar masu kauri da santsi, a tsaye a cikin wani ɗan ƙoƙo da ke riƙe da su daga ƙasa, tsakiyarsa cike da siraran zaruruwa masu ɗauke da garin barbara. Yawanci ja ne wur, wani lokaci ja mai sirkin ruwan goro, jefi-jefi kuma akan dace da mai ruwan ɗorawa. Idan furen ya gama aikinsa sai ya faɗo ɗungurungum, har ƙarƙashin bishiyar ya yi ja, awaki da tumaki da namun daji su yi ta kiwo a wurin. Ku riƙe maganar wannan ɗan ƙoƙon na gindin fure, domin a kansa arzikin bishiyar da matsalarta suka rataya.

Me ya sa bishiya za ta zaɓi lokacin da ya fi kowane lokaci bushewa ta yi fure? Akwai hikima a ciki. Tun da babu ganyen da zai rufe shi, jan furen yana bayyana tun daga nesa, kuma tsuntsaye na ganin launin ja sosai. Sai ƙananan tsuntsaye masu shan zaƙin fure su yi ta sintiri tsakanin wannan bishiya da waccan, suna kwasar garin barbara a baki da goshi suna kai wa wani furen. Ƙudan zuma ma na zuwa, kuma a watannin da furanni suka yi ƙaranci a daji wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga masu ɗora amya. Daga nan sai lissafin ya ci gaba: furen hunturu ya zama ɗa a bazara, ɗan ya bushe ya fashe daidai lokacin da iska ke kaɗawa, irin ya bazu, damina ta sauka a kansa.

Ɗan gurjiya dogon kwanso ne mai duhun launi idan ya nuna, yana tsagewa gida biyar. A ciki akwai farar auduga mai laushi da sheƙi, da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi a nannaɗe cikinta. Audugar ce ke ɗaukar ƙwayar ta tashi da ita a iska.

Kada a rikita ta da wasu

Da yake ba ita kaɗai ce mai jan fure ba, yana da kyau a bambance. Minjirya, wato Erythrina senegalensis, ita ma 'yar ƙasa ce, tana da ƙaya, tana kuma fure a rani ba ganye. Sai dai ƙaramar bishiya ce, furanninta sirara ne a jere kan sanda ɗaya, ganyenta uku-uku, 'ya'yanta kuma a cikin kwanso irin na wake, da jajayen ƙwayoyi. Dangin wake ce, ba ta haɗa dangi da gurjiya ba. Ɗorawa ma furenta ja ne, amma dunƙulalle ne yana reto a kan doguwar igiya, ba mai ɗaukarsa a matsayin na wata bishiya. Akwai kuma bishiyar nan mai baza rassa da ake shukawa a makarantu da unguwannin ma'aikata, wadda ke yin ja gaba ɗaya dab da faɗuwar damina, mai ƙananan ganye da dogayen kwansuna masu faɗi. Wannan Delonix regia ce, kuma baƙuwa ce, daga tsibirin Madagaska aka yaɗa ta a ƙasashe masu zafi. Abin takaici, yaran birni da yawa sun fi sanin baƙuwar a kan 'yar gida.

Wanda ya fi kama da gurjiya shi ne rimi. Ganye iri ɗaya, auduga iri ɗaya, ƙaya a jikin ƙarami. Amma rimi ya fi ta girma nesa ba kusa ba, gindinsa na da manyan fukafukai da mutum zai iya ɓuya a tsakaninsu, furensa kuma ƙarami ne, fari-fari, da dare yake buɗewa, jemagu ne ke yi masa barbara. Rimi bishiyar gari ce, shi ya sa ake da Kasuwar Rimi a Kano da Unguwar Rimi a Kaduna. Gurjiya ta fi zama a daji da gefen gonaki.

Sunan kimiyya da amfaninsa

Ga dalilin da ya sa sunan kimiyya ba kwalliyar 'yan boko ba ne. Mun ga kalma ɗaya tana nufin bishiya, tana kuma nufin abin da ake nomawa a tono. A wasu sassan yammacin ƙasar Hausa da Nijar kuma gujiya na nufin gyaɗa. Sannan kurya, idan aka rubuta ta da gaggawa, ba ta da nisa da ƙirya, alhali ƙirya wata bishiya ce dabam, Prosopis africana, mai itace mai taurin gaske da maƙera ke son gawayinta. A hira tsakanin mutanen gari ɗaya wannan ba matsala ba ce, kowa ya san abin da ake nufi. Matsalar na tasowa ne idan magana ta shiga takarda: ɗalibi yana rubuta bincike, ma'aikacin gandun daji yana odar iri, ko wani yana karanta haɗin magani a waya. A nan sai an sami sunan da ke nufin abu ɗaya tak a ko'ina. Gurjiyar ci Vigna subterranea ce, gyaɗa Arachis hypogaea, gurjiyar daji kuma Bombax costatum. An rabu ke nan.

Tsarin wannan suna ya samo asali ne daga wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda a 1753 ya wallafa littafinsa Species Plantarum, inda ya bi ƙa'idar ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latin. Kalmar farko sunan zuri'a ce, ana fara ta da babban baƙi. Ta biyu ita ke ware wannan tsiron daga 'yan'uwansa na cikin zuri'ar, kuma da ƙaramin baƙi ake rubuta ta ko da daga sunan mutum ko gari aka ciro ta. A littattafai akan karkata rubutun sunan, da hannu kuwa a ja masa layi. Bombax ta fito daga kalmar Girkanci mai nufin siliki, saboda audugar cikin kwanson. Costatum kuma da Latin na nufin mai haƙarƙari, wato abu mai layuka a tashe a jikinsa. Wajen furtawa ba sai an wahalar da harshe ba, "bombas kostatum" ya wadatar, domin ko masanan kansu kowa da lafazin ƙasarsa yake faɗa. Rubutun ne ba a yarda a taɓa ba.

A littattafan masana za ku ga an ƙara wasu kalmomi a gaba: Bombax costatum Pellegr. & Vuillet. Waɗannan ba sa cikin sunan, sa hannun waɗanda suka fara bayyana bishiyar ne a rubuce bisa ƙa'ida. Faransawa ne biyu, François Pellegrin da Jean Vuillet, kuma a 1914 suka wallafa bayanin a birnin Paris. Ba wai a shekarar aka gano bishiyar ba. Kakanninmu sun san ta, sun raɗa mata suna, sun ci sun sha magani daga jikinta tun ba a san za a yi wani Pellegrin ba. Abin da ya faru a 1914 shi ne shigar da ita rajistar duniya, tare da busasshen samfurin da duk mai gardama zai iya komawa ya duba.

Akwai wani suna da mai bincike zai yi karo da shi, kuma yakan rikita ɗalibai: Bombax buonopozense. Wannan ya girmi na farko. Wani Bafaranshe, Palisot de Beauvois, wanda ya isa ƙasar Warri da Benin ta kudancin Nijeriya a 1786, shi ya raɗa shi a littafinsa kan tsirran wannan yanki, daga sunan wani wuri da ya rubuta a matsayin Buonopozo. Tsofaffin littattafai sun yi amfani da wannan suna har ga gurjiyar arewa. Haka yake a ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da likitan nan ɗan Sikotilan, John M. Dalziel, ya fitar a 1916 bayan ya yi aiki a Arewacin Nijeriya. Daga baya masana suka tsaya a kan cewa iri biyu ne. Buonopozense ta kurmi ce, doguwa ƙwarai, tana kaiwa mita 40. Costatum ita ce ta dajinmu, gajera a kan waccan, mai kaurin ɓawo da jure wuta. Saboda haka wanda ya ga tsohon littafi ya ce kaza, sabo ya ce kaza, kada ya ɗauka wani ya yi ƙarya. Ilimin ne ya ƙaru.

Dalziel ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Aikin da ya yi, na bin manoma da makiyaya da masu magani yana tambayar sunan kowane tsiro yana haɗa shi da na Latin, shi ya zama tushen babban littafinsa na 1937 kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda har yau ake komawa gare shi. Amma ilimin da ke ciki na mutanen karkara ne da ba a rubuta sunayensu ba. A ganina wannan ya isa ya hana ɗan boko raina sunan Hausa. Da ba don tsohon da ya nuna bishiya ya ce "wannan kurya ce" ba, da shafin ya zauna fari.

Sunan kimiyya yana kuma tona asirin dangantaka. A da ana sa gurjiya da rimi da kuka a dangi guda mai suna Bombacaceae. Da aka fara nazarin ƙwayoyin halittar gado na tsirrai, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka haɗe wannan dangi cikin wani babba, Malvaceae. Ku ji waɗanda ke cikinsa: auduga, kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, dargaza, kukkuki, goro, har da koko da ake yin cakulan da shi. Duk macen da ta saba da tukunya za ta lura da wani abu a wannan jeri. Kuka, kuɓewa, lalo, dargaza, duk masu yauƙi ne. Yauƙi gadon gidan ne, kuma gurjiya ba ta bar gado ba. Karkashi ne kawai zai ba mutum mamaki, domin duk yauƙinsa ba ɗan gidan ba ne, dangin riɗi ne.

Sunayen nan kuma ba saukakku ba ne, suna canzawa. Linnaeus da kansa ya sa rimi a cikin zuri'ar Bombax, sai a 1791 wani masani Bajamushe, Gaertner, ya fitar da shi ya zama Ceiba pentandra. Gawo ya daɗe yana Acacia albida kafin ya koma Faidherbia albida. Bagaruwa da aka sani da Acacia nilotica yanzu Vachellia nilotica ce, bayan doguwar taƙaddama tsakanin masanan Afirka da na Ostareliya a kan wa zai riƙe sunan Acacia. Ita kanta gurjiyar ci tsofaffin littattafan aikin gona Voandzeia suke kiranta. Wasu sunayen kuma na ɗauke da tarihin da ba kowa zai ji daɗinsa ba. Kuka, Adansonia, sunan Michel Adanson ne, Bafaranshen da ya yi bincike a Senegal. Ɗorawa, Parkia, sunan Mungo Park ne da ya mutu a Bussa a bakin Kwara. Gawo kuwa, bishiyar da manomin Hausa ya fi ƙauna a gonarsa, sunan Louis Faidherbe take ɗauke da shi, gwamnan mulkin mallakar Faransa a Senegal. Masana sun fara waiwayar irin wannan. A babban taronsu na duniya da aka yi a Madrid a 2024 sun kaɗa ƙuri'ar gyara sunayen tsirrai sama da 200 da ke ɗauke da wata kalmar cin mutuncin baƙar fata da aka yi amfani da ita a kudancin Afirka. Cikin waɗanda gyaran ya shafa har da wata 'yar'uwar minjirya mai jan fure, wadda yanzu ake rubuta ta Erythrina afra. Gurjiya dai ta yi sa'a, sunanta siffarta kawai yake faɗa.

Abin da ake samu a jikinta

A Burkina Faso gurjiya abinci ce ta sosai. Mosawa na kiranta voaaka, kuma ɗan ƙoƙon nan na gindin fure shi ake cirewa, a shanya, a daka, a yi miya mai yauƙi da ake cin tuwo da ita. Busasshensa haja ce a kasuwannin Wagadugu da sauran garuruwa, mata da yawa na samun kuɗin kashewa da shi a rani. A Mali da arewacin Gana da Togo da Benin ma an san wannan miya. A Nijeriya kuwa Tibi na jihar Binuwai ne suka yi fice da ita. Miyar genger da suke alfahari da ita, wadda ake ci da sakwara ko tuwo, daga wannan ƙoƙon furen ake yin ta. Bahaushen da ya zauna a Makurɗi ko Gboko wataƙila ya sha ta bai san cewa bishiyar na tsaye a dajin garinsu ba. A ƙasar Hausa kuka da kuɓewa sun riga sun cika tukunya, shi ya sa ba a damu da ita can ba. Ɗanyen ganyenta kuma dabbobi na ci.

Audugarta irin ta rimi ce. Kowane zare rami ne da shi a ciki, jikinsa kuma da wani maiƙo da ke hana ruwa kama shi, don haka ba ta da nauyi kuma ba ta nutsewa. Wannan ya sa kafin zuwan soso da zaren roba ake cusa irin wannan auduga a katifa da matashi, a Turai kuma har da rigunan ceto na jiragen ruwa, kuma a zamanin mulkin mallaka an yi ta fitar da ita daga yankunan da Faransa ta mallaka. Lifidin dawakin sarakuna ma da audugar rimi aka saba cusa shi. Aibinta biyu ne. Zaren gajere ne mai santsi, ba ya kaɗuwa a mazari yadda audugar gona ke yi. Sannan tana kama wuta nan take, abin da ya sa masu ƙyastu ke sonta, ya kuma sa bai kamata a ajiye buhunta kusa da murhu ba.

Itacenta fari ne, mara nauyi, mai taushi. Masassaƙa na jin daɗinsa domin gizago na shigarsa ba wahala, ana yin ganguna da kujerun zama da kwale-kwale da ƙananan kayan gida da shi. Amma ba itacen gini ba ne, gara da ƙwari ba sa barinsa, kuma a murhu ba ya riƙe wuta. Wanda ya sare gurjiya don gawayi ya yi asara biyu, ya rasa bishiya bai sami gawayin kirki ba.

Masu maganin gargajiya a faɗin yankin suna amfani da sassaƙenta da ganyenta da saiwarta wajen zazzaɓi, ciwon kai, gudawa da cututtukan fata. Wannan al'ada ce tsohuwa, amma a yi hattara. Cewa ana amfani da abu ba daidai yake da cewa an auna shi a asibiti an tabbatar da adadin da za a sha ba, musamman ga mai ciki da ƙaramin yaro. Kuma a nan ne rikicin suna ya fi haɗari. Saƙon waya da ya ce "a jiƙa gurjiya a sha" bai faɗi komai ba tukuna, sai an san wace gurjiyar, wane sashe nata.

Wani abu ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Sin sarin kaya: jan furen da ke cika titunan Guangzhou wajen watan Maris, wanda birnin ya ɗauka a matsayin furensa na alama, na Bombax ceiba ne, 'yar'uwar gurjiya ta nahiyar Asiya. Can ana shuka ta a bakin titi ana ji da ita.

Inda matsalar take

Bishiyar da ake cin 'ya'yanta tana da sauƙi, domin ana jira ta gama aikinta kafin a taɓa ta, kuma ƙwallon da aka yar na iya tsirowa. Gurjiya furenta ake ci. Duk furen da aka tsinke don miya kwanso guda ne da ba zai taɓa fitowa ba, da dukan irin da ke cikinsa. Manomin da ya dafa irin shukarsa ya ƙoshi yau, amma ya san abin da ke jiransa da damina. Abin ya fi muni saboda yadda ake girbin. Bishiya ce mai ƙaya, hawanta da wuya, rassanta kuma masu saurin karyewa, don haka da yawa sukan ɗauki gatari ko adda su datse reshe gaba ɗaya ya faɗo, a tsince furen a ƙasa. Bishiyar da aka yi wa haka shekara da shekaru furenta raguwa yake yi. A sassan Burkina Faso da ake cinikin abin sosai, masu binciken gandun daji sun daɗe suna kokawa cewa tsofaffin bishiyoyi ake gani, ƙanana sun yi ƙaranci.

A wajenmu, inda ba a cika cin furen ba, barazanar ta wata fuska ce: sharar daji don noma, gobarar rani da ke cinye ƙananan da ɓawonsu bai yi kauri ba, awaki da ke cin toho, da masu sassaƙe da ke zagaye gangar jiki su kware ɓawon duka. Bishiyar da aka yi wa zobe ta mutu ko da tana tsaye, domin ta cikin ɓawo abincin da ganye ya sarrafa ke sauka zuwa saiwa.

Sauƙin abin shi ne gurjiya ba ta da wuyar rayarwa. Tana tsirowa daga iri, tana kuma yin toho daga saiwa, shi ya sa sau da yawa za a ga 'yan ƙanana sun kewaye uwar. Masu bincike a Burkina Faso da Kamaru sun gwada binne guntayen saiwarta, sun kuma yi toho. Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna wa duniya, tun daga shekarun 1980, abin da ke faruwa idan aka bar tohon da ya fito da kansa a gona aka yi masa sassabe mai kyau maimakon a tumɓuke shi: miliyoyin kadada sun sake yin itatuwa. Dabarar da ta yi wa gawo da kalgo aiki a can za ta yi wa gurjiya a inda take fitowa. Mai son furen kuma ya yi amfani da doguwar gora mai ƙugiya, ya bar wani kaso a sama ya zama iri. Mai ɗibar sassaƙe ya ɗiba ta gefe ɗaya, ya bar sauran ya warke.

Wanda kuma ya ga wata bishiya mai jan fure yana son tabbatar da ko ita ce, hoto ɗaya daga nesa ba ya isa, manhajojin waya ma sukan yi kuskure a kan itatuwan Afirka. A ɗauki hoton ɓawo, da fure kusa-kusa, da ganye ko kwanso idan akwai, a rubuta wuri da watan da aka gan ta. A fara tambayar dattawan wurin sunanta. Sannan a kai reshe mai fure, a matse shi a tsakanin takardun jarida ya bushe, zuwa sashen nazarin tsirrai na jami'a mafi kusa. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ma'ajiyar busassun tsirrai, haka ma Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya da ke Ibadan, inda ake gwada samfuri da waɗanda aka riga aka tantance.

Malaman makaranta da ma'aikatan gandun daji da masu rabon dashe a lokacin damina, ga roƙo: a sa gurjiya cikin itatuwan da ake renowa, kada kullum a tsaya kan darbejiya da turare. In an dasa ta a harabar makaranta, a kafa ɗan allo a gindinta da sunayenta duka uku, gurjiya, kurya, Bombax costatum, a kuma kewaye ta da ƙaya har ta fi ƙarfin awaki.